Gargaɗi: Masu karɓar kuɗi da sunan ƙara wa tsohuwar kwamfutar tebur gudu a Abuja

Jama'a, musamman masu shagunan buga takardu, masu kafe da ɗaliban da ke neman kwamfutar tebur mai rahusa, a yi hattara. Akwai masu talla a Facebook da gurufan WhatsApp, wasu kuma suna tare mutum a bakin filazojin Wuse da Garki, suna cewa za su yi wa tsohuwar kwamfutarka obakulok, wato tilasta mata gudu fiye da yadda masana'anta ta saita ta, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar aikin da take yi a lokacin) su ninka gudu. Wasu ma kwamfutar suke sayarwa dungurungum, su ɗora kuɗi a kai wai an riga an yi mata aikin.

Obakulok aiki ne na gaske, amma kwamfutocin da suka cika kasuwarmu ba sa karɓarsa. Yawancin 'yan Beljiyam ɗin nan na ofis ne: Dell OptiPlex 7010 da 9020, HP Compaq 8300, HP EliteDesk 800 G1. Madabod ɗinsu, wato babban allon da ake jona komai a kai, na ɗauke da cifset (na'urar da ke tafiyar da allon) Q77 ko Q87, wasu H81, kuma BIOS ɗinsu, wato shafin saitin madabod, ba shi da wurin taɓa gudun furosesa. A tsarin Intel na zamanin waɗannan kwamfutocin, sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, kamar i5-2500K ko i7-4790K, ya haɗu da madabod irin P67, Z77 ko Z97 sannan ƙofar take buɗewa sosai. Wanda ya ce ya kai i5-3470 da ke cikin OptiPlex zuwa 4.5 GHz, ƙarya ya shara maka.

To me suke nunawa har mutum ya yarda ya biya? Mafi yawa Turbo Boost ne. Shi i5-3470 gudunsa 3.2 GHz ne, yana hawa 3.6 da kansa idan aiki ya taso, haka ya fito daga masana'anta. Sai a nuna maka Task Manager lokacin da kwamfutar ke zaune ba aiki, lambar tana wajen 1.6, a shiga saitin wuta a mayar da shi High performance, lambar ta haura 3, a ce ka ga aiki. Abin da za ka yi da kanka cikin minti ɗaya ne, kyauta.

Ta RAM ta fi wannan rainin hankali. Manhajar CPU-Z tana nuna rabin lambar da ke jikin RAM, domin DDR sau biyu yake tura bayanai a kowane bugu. DDR3-1600 zai nuna kusan 800 MHz, DDR3-1333 kuma kusan 667. Sai ɗan damfara ya nuna maka 800 ɗin ya ce RAM ɗinka rabin ƙarfinsa yake aiki. Bayan ka biya ya buɗe wata manhajar da ke rubuta 1600, ya miƙo maka kayanka kamar yadda ka kawo su. Akwai kuma masu liƙa takardar 1600 a jikin RAM na 1333, da masu cusa wa mutum RAM ɗin saba (server, babbar kwamfutar kamfanoni), wanda ake rubuta wa 10600R ko 12800R. Wannan R ɗin na nufin ba zai ko tashi a kwamfutar tebur ta yau da kullum ba.

Masu sauya suna su ne suka fi cin kuɗi. Sunan furosesa da Windows ke nunawa a shafin About daga rajista, wato ma'ajiyar saitin Windows, yake ɗauko shi, kuma ana iya goge shi a rubuta abin da aka ga dama. Da yake yana komawa na asali idan an kashe an kunna, sai su dasa ɗan fayil da zai riƙa sake rubuta shi duk tashi. Haka i3 ke zama i7. Kada ka tsaya a kan suna. Ka zo da CPU-Z naka a filas, kar ka yi amfani da wanda ke kan kwamfutar, ka duba ƙasan shafin farko. A furosesocin Intel ƙarni na 2 zuwa na 4, i3 na da Cores 2 da Threads 4, i5 na tebur galibi 4 da 4, i7 na waɗannan kwamfutocin kuma 4 da 8. Shafin SPD zai gaya maka ainihin RAM ɗin da ke kowane rami.

Sai kashi na ƙarshe, waɗanda suke yin obakulok ɗin da gaske a kan kwamfutar haɗi mai madabod na Z, amma aikin ganganci. Mai aikin kirki yana ƙara gudu 100 MHz a kowane mataki, ya gwada, ya duba zafi, sai ta fara tangarɗa sannan ya ɗan taɓa wuta, kamar 0.01 V zuwa 0.02 V. Aikin yini ne ko fiye. Su kuwa sai su zabga 1.45 V lokaci guda don ta tashi a gabanka, a ɗaki mai AC, a kan ƙaramar fankar Intel da man sanyayawar da ya bushe tun tuni. Zafi kuma ba daidai da wuta yake hawa ba: daga 1.2 V zuwa 1.4 V kaɗai, wutar da furosesa ke ci na ƙaruwa da kusan kashi 36 cikin ɗari, tun kafin a lissafa ƙarin gudun. Ka kai ta shagonka a Nyanya ko Kubwa cikin zafin Maris, ga ƙura ta toshe fanka, ga wutar janareto tana hawa da sauka, sai furosesa ya doshi digiri 100, ya rage gudun kansa don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin sauri ka koma gida da rashin sauri. Daga nan sai shuɗin allo mai rubutun WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, wani lokacin fawa fak (akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta) mai arha ya tafi da madabod.

Na RAM ya fi muni don ba ya ihu. RAM da aka matsa wa fiye da ƙarfinsa yana iya ɓata fayil a ɓoye, sai ranar da aikin kwastoma ya ƙi buɗewa. DDR3 a kan 1.5 V yake, DDR3L 1.35 V, kuma wuce 1.65 V neman rigima ne. Idan aka taɓa BCLK, wato bugun tushe na 100 MHz, abin har hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) yake shafa, domin layin SATA da na PCIe suna tafiya da shi a waɗannan ƙarnin.

Kafin ka yi taransifa, ka ce a kashe AC, a buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudu, a saki OCCT ko Prime95, manhajojin da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na aƙalla minti 30 kana tsaye. Idan zafi ya wuce digiri 85, ko gudun ya riƙa faɗuwa, ko ta sandare, ciniki ya mutu. RAM kuma da manhajar MemTest86 ake gwada shi daga filas, kuskure ko ɗaya ne ba a karɓa. Mai cewa «Oga ba lokaci» ko «manhajar nan tana lalata kwamfuta» ya san abin da yake ɓoyewa. A rubuta lambar furosesa da ta RAM da kwanakin garanti a rasit, domin da shi za ka iya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Wanda ya ce ka sauke manhajar AnyDesk ya shiga kwamfutarka ya yi maka aikin daga nesa, ko ya turo maka manhajar da wai ke ƙara RAM, ba kwamfutarka yake so ba, bayanan bankinka yake hari. Babu manhajar da ke mayar da 4GB ya zama 8GB.

Idan an riga an yi maka aika-aikar, ka zare waya daga soket, ka cire ƙaramin batirin CR2032 na madabod na minti biyar, ka mayar, ka shiga BIOS ka zaɓi Load Defaults, ka gyara kwanan wata. Kuɗin da ka so kashewa kuma ka sayi SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri, da su, ka ƙara RAM na biyu irin na farko a ramin da launinsu ya zo ɗaya, ka hure ƙura ka sauya man furosesa.