Thunderbird 115 a kan Windows 7: ta tsamo ni, amma wasiƙun wata bakwai sun tafi

Kwamfutata ta 2012 ce, kuma Windows 7 ce a kanta tun ranar da na saye ta. Na san abin da za a ce, an sha faɗa min: kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020. To amma na'urar lafiyarta ƙalau, madannanta sun saba da yatsuna, kuma aikina na fassara da gyaran rubutu bai wuce buɗe takarda da aika wasiƙa ba. Shi ya sa na ci gaba da lallaɓa ta. Wannan sharhin a kan Thunderbird 115 ne, manhajar karɓa da aika imel, wadda yau wata na huɗu ke nan ina amfani da ita, sai dai ba zan iya bayanin abin da ya sa nake yabonta ba sai na faɗi ramin da na faɗa kafin in same ta.

Shekara goma sha ɗaya ina amfani da wata manhajar imel ta kuɗi. Ba zan kama sunanta ba. Wata safiya sai wasiƙun adireshina na aiki suka daina shigowa. In na danna karɓa, sai ta ɗan yi juyi ta ce ta kasa ƙulla amintacciyar hanya da sabar, wato kwamfutar masu riƙe da adireshin inda wasiƙa ke fara sauka. Na sauya kalmar sirri, na kashe na kunna, ba abin da ya canza. Daga baya ƙanena, wanda shi ne mai ilimin waɗannan abubuwa a gidanmu, ya yi min bayani. Masu riƙe da adireshin nawa sun rufe tsofaffin hanyoyin ɓoye saƙo, wato TLS 1.0 da 1.1, waɗanda dama tun Maris 2021 aka ayyana a hukumance cewa a daina amfani da su. Ita kuwa manhajar tawa ba ta da nata tsarin ɓoyewar, na Windows take ara. Windows 7 tana iya TLS 1.2, amma a manhajoji da yawa ba a kunne yake ba sai an saka wani gyara an taɓa saiti. A lokacin duk ban san wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne wani ɗan akwati a kusurwar allo yana cewa sabon zubi ya fito, kuma yana magance matsalar shiga. Aiki na jirana, mai aiki yana jiran amsa. Na biya, na sauke, na danna.

Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne, shigarwar ta tafi sumul. Ba gargaɗi ko ɗaya. Ba ta tsaya ta duba wace Windows ce a kan na'urar ba, alhali wannan shi ne abu mafi sauƙi da mai rubuta manhaja zai sa a farko. Ta cire tsohon zubin, sannan ta rubuta cewa tana mayar da rumbun wasiƙuna zuwa sabon tsari, kada in kashe kwamfutar. Na zauna ina kallon koren layin nan yana rarrafe kusan minti arba'in, hannuna ko kusa da linzamin ban kai ba don tsoron kada in ɓata wani abu. Da ya kusa ƙarewa sai allon ya ɗan ƙifta, wani ƙaramin akwati mai jan alama ya fito: manhajar ba za ta iya tashi ba saboda babu api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll a kwamfutar. Na kwafe sunan a bayan wata takarda harafi bayan harafi, har yanzu takardar tana cikin aljihun tebur. Na sake shigarwa sau uku, akwatin nan dai shi ke fitowa. Na nemo tsohon zubin na mayar, ya buɗe, amma ya ce bai gane rumbun ba. Sabuwa ta ƙi tashi, tsohuwa ta ƙi karantawa, wasiƙun shekara goma sha ɗaya suna tsakiya.

Na kira ƙanena da dare muryata na rawa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaya, kin kwafe jakar wasiƙun kafin ki danna?" Na ce a'a. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kada ki ƙara taɓa komai, kuma don Allah kada ki je ki sauke fayil ɗin nan daga intanet." Ashe ya san inda hankalina ya nufa, don har na fara bincike, na ga shafuka birjik suna tallar su ba ka fayil ɗin kyauta. Ya ce wannan fayil wani ɓangare ne na Windows 8 zuwa sama, Windows 7 ba ta taɓa zuwa da shi ba, kuma irin shafukan nan ta nan ake cusa wa mutane ƙwayar cuta. Ma'ana sabon zubin tun asali ba a gina shi don na'ura irin tawa ba.

Na rubuta wa masu manhajar. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, layi uku: ba sa tallafa wa Windows 7, an rubuta haka a shafin sharuɗɗa, in koma sabuwar Windows. Na koma na duba, lallai an rubuta, can ƙasa, da ƙananan haruffa. To amma akwatin da ya ce in sabunta a cikin manhajarsu ya fito, a kan Windows 7 ɗin, kuma su suka karɓi kuɗina. Da ƙin shiga kawai ta yi, wallahi da ban ce uffan ba, haƙƙinsu ne su daina wahala da tsohon tsari. Amma ka taɓa rumbun mutum, ka juya shi zuwa abin da ba zai iya buɗewa ba, ba ka ajiye masa kwafin na asali ba, sannan ka ce laifinsa ne? Kuɗin ma ba su mayar ba.

Mun gwada ɗaukar rumbun zuwa kwamfutar ƙanena mai Windows 10. Can manhajar ta tashi, ta nuna jerin sunayen wasiƙun da kwanan wata, har zuciyata ta fara sanyi. Ina danna ta farko sai fili fari fat. Ta biyu ma haka. Juyawar ba ta kammala ba, sai kanun ya tsira, cikin ya tafi. Wani zai ce ai wasiƙun suna kan sabar. Ba sa nan. Tun farko da tsarin POP3 aka haɗa min adireshin, wanda yake sauko da wasiƙa cikin na'ura sannan a goge ta daga sabar. An saita nawa ya bar su kwana 14 kafin gogewa, don haka na mako biyun ƙarshe kawai muka tarar. Abin da ya cece ni shi ne wani filashi da ƙanen nawa ya taɓa kwafe min jakunkuna a kai lokacin da ya sauya min batir, wata bakwai kafin wannan. Duk abin da ke tsakanin ranar da ya yi kwafin da makonni biyun nan, ya tafi.

A nan Thunderbird ta shigo, kuma gaskiya ban sa rai ba. Raina ya riga ya ɓaci da duk wani abu mai suna sabuntawa, ga shi kyauta ce, sai na ɗauka abin da na biya kuɗi ma ya yi min haka, ina ga wannan. Ƙanena ya ce zubi na 115, wanda ya fito a Yulin 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8. Daga 128 zuwa sama sai Windows 10. Daga ma'ajiyar tsofaffin zubi ta Mozilla, masu Thunderbird ɗin, ya sauko da shi, ba daga shafukan tsince-tsince ba, kuma duk mai niyya ya kiyaye wannan. Shigarwa ba ta kai minti biyar ba. Na rubuta adireshina da kalmar sirri, ta nemo saitin da kanta, ta tambaye ni IMAP nake so ko POP3. Wannan karon IMAP na zaɓa, don wasiƙa ta zauna a kan sabar ko da na'urar ta mutu. Sai ga wasiƙu suna zubowa. Matsalar da ta jawo duk wannan wahala, ta amintacciyar hanya, ko alamarta ban gani ba, saboda Thunderbird da nata tsarin ɓoye saƙo take zuwa da nata jerin takardun shaida, ba ta dogara da na Windows ba. Na daɗe ina kallon allon. Da na san da haka tun safiyar farko, da ko sisi ban kashe ba, da rumbuna yana nan yadda yake.

Adireshina na Gmail ma ya shiga ba gardama. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga da kalmar sirri tsurarta, sai ta wata hanya kamar wadda ake kira OAuth2. Thunderbird ta buɗe ɗan tagar Google, na shiga, na amince a wayata, shi ke nan.

Dawo da tsofaffin wasiƙun ya ɗan ci lokaci. Sai da muka mayar da tsohon zubin waccan manhajar, muka nuna masa kwafin filashin, muka fitar da wasiƙun a matsayin fayilolin EML, sannan muka shigar da su da wani ƙari mai suna ImportExportTools NG. Yini guda muka yi, jaka bayan jaka. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne da ƙanena ya buɗe min inda Thunderbird ke ajiye su. Tsarin mbox ne, rubutu ne zalla wanda ko da Notepad za ka iya buɗewa ka karanta. Na ga wasiƙar da na rubuta a 2014 da idona, ba tare da wata manhaja ta tsaya tsakanina da ita ba. Bayan abin da ya same ni, wannan ya fi min duk wani ado na fuska. Yanzu duk ƙarshen mako nakan rufe ta, in kwafe jakar furofayil ɗin, inda take ajiye wasiƙu da saiti, gaba ɗaya zuwa filashi.

A makon farko da an ce in ba da tauraro, biyar zan bayar ba tare da tunani ba. Ita manhajar har yanzu ban ga abin da zan rage mata ba. Sai dai murnar ta ragu, don duk sanda na shiga neman wani abu sai in faɗa cikin giɓin nan. Kwanan baya wani da na yi wa fassarar littafi ya ce ba haka muka yi da shi kan lokacin biya ba. Na san mun yi, na tuna har yadda ya tsara jimlar, amma wasiƙar tana cikin wata bakwai ɗin. Na rubuta sunansa a wurin bincike, sakamakon ya tsallaka daga Fabrairu zuwa Satumba kamar ba mu taɓa magana a tsakani ba. Haka na haƙura na karɓi abin da ya faɗa. Waɗanda aka aiko min, wasu na roƙi masu su sun sake turowa. Waɗanda ni na aika kuwa, da gyare-gyaren da na liƙa a jikinsu, babu inda zan same su sai wurin wanda ya ga damar ajiyewa. A irin wannan ranar sai in ji haushin waɗancan mutanen ya dawo sabo, in tuna layi ukun da suka aiko min.

Akwai kuma abin da ƙanena bai bar ni na manta ba, kuma yana da gaskiya. Thunderbird 115 ta gyara min shigar wasiƙa, ba ta gyara Windows 7 ba. Ko ƙarin gyaran tsaro na kuɗi da aka yi wa kamfanoni ya ƙare tun Janairun 2023, Chrome ma a zubi na 109 ya tsaya mata. Shi kansa layin 115 tsoho ne, sababbin abubuwa ba za su zo masa ba. Thunderbird tana toshe hotunan da ke zuwa daga waje sai ka yarda, wannan yana taimakawa, amma ranar da na buɗe wata takarda mai cuta da aka liƙo a wasiƙa, Windows ɗin ce za ta karɓi dukan, kuma ba mai kare ta. Ni da kullum aikina buɗe takardun mutanen da ban sani ba ne. Don haka in wani ya karanta wannan ya ɗauka ya sami hanyar zama kan Windows 7 har abada, bai fahimce ni ba. Lokaci kawai na saya.

Ga wanda ke cikin hali irin nawa, wasiƙa ta daina shigowa kuma wani akwati yana kiransa ya sabunta: ka fara kwafe jakar wasiƙunka zuwa wani wuri, ka duba da idonka wace Windows sabon zubin yake buƙata, ka kuma duba ko POP3 kake kai. In sauyawa za ka yi, Thunderbird 115 ta yi min aiki a kan na'ura mai ƙwaƙwalwar gigabait 4, ba ta taɓa maƙalewa ba, ina ba da shawararta da zuciya ɗaya.

Inda zan koma ne ban yanke ba. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura mai suna TPM 2.0 wanda kwamfutata ba ta da shi. Ƙanena ya kawo min Linux Mint, wani tsarin da ake sawa a madadin Windows, a kan filashi, ya ce in gwada ba tare da na goge komai ba, kuma da Thunderbird take zuwa, jakar furofayil ɗina kawai za a ɗauka a kai can. Na ce masa sai na gama aikin da ke hannuna. Lalataccen rumbun nan kuwa ban goge shi ba. Yana nan a wata jaka da na sa wa suna "wata bakwai", gigabait 2 da ɗoriya, kuma na yi masa kwafi biyu ko Allah zai kawo wanda ya san yadda ake buɗe shi.