Sa giyar otomatik ta riƙa canzawa da sauri: aikin da wani gareji a Garwa ya yi mini

Motar da nake hawa Toyota 4Runner ce ƙirar 1998, ta hannu, wadda ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Dwala, mai injin fetur V6 lita 3.4 da giyar otomatik mai hawa huɗu. Harkar kasuwanci tana sa ni kai-komo tsakanin Garwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, tafiyar kusan kilomita 280, kuma duk wanda ya san hanyar ya san yadda take cika da tirelolin da ke kwaso kaya daga ƙarshen layin dogo zuwa arewa, ga kuma motocin auduga idan kaka ta yi. Abin da ya dame ni shi ne jinkirin giyar a lokacin da nake son wuce babbar mota: in taka totur, injin ya ɗaga murya, motar ta ɗan yi sanyin jiki kamar mai shawara, sannan giyar ta kama. A hawan dutsen da ke gaba da garin Mbe, inda hanya ke tashi daga kwarin Binuwai ta hau tudun Adamawa mai tsayin sama da mita 1,000, jinkirin ya fi fitowa fili, har wani lokaci nakan ji ƙaurin mai idan na tsaya a sama.

Wani abokin ciniki ne ya kwatanta mini wani ƙaramin gareji a gefen gari, wanda maigidansa ba ya taɓa komai sai giyar otomatik, abin da makanikan nan ke kira buwat. Na je da niyyar a buɗe motar nan take, amma maigidan, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya ƙi. Ya fara zaro sandar awon mai, ya ɗiga man a kan farar takarda, ya duba launinsa, ya sansana. Bayan mun zaga gari motar ta yi zafi, sai ya taka birki, ya sa yaronsa ya riƙe agogon waya, ya tura giya daga N (furi) zuwa D (giyar gaba), ya maimaita sau uku, sannan ya yi haka da R (giyar baya). Ya ce ƙa'idar Toyota ita ce kada shiga D ya kai daƙiƙa 1.2, shiga R kuma kada ya kai daƙiƙa 1.5, kuma tawa ta tsaya cikin ƙa'ida. Daga nan ya ɗaura agogon awon matsin mai a jikin akwatin giyar. Da ya gama sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, da na ga man nan ya yi baƙi yana warin ƙuna, da ban karɓi aikin ba, domin kulocin da ya riga ya cinye ba a ƙara masa matsi, canza shi ake yi." Wannan maganar ce ta sa na bar masa makulli.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake nufi da wannan gyara, domin mutane da yawa suna cakuɗa abubuwa biyu. Akwai lokacin da giya za ta canza, akwai kuma saurin da canjin kansa ke yi. A irin wannan akwatin giya, na dangin A340 da kamfanin Aisin ya ƙera wa Toyota tun tsakiyar shekarun 1980, kwamfutar mota ce ke yanke lokacin canji ta hanyar makunnan lantarki biyu, da na uku wanda ke kulle ƙwaryar nan mai cike da mai da ke tsakanin injin da giya. Maɓallin ECT PWR da ke cikin motar yana sa giya ta daɗe kafin ta haura, amma ba ya gaggauta canjin. Saurin canji aikin mai ne. Famfo yana tura man giya cikin gidan bawul, wani allon alminiyam mai hanyoyi a murɗe kamar gidan tururuwa, daga nan man ya je ya matse fayafayen kuloci. Don kada fasinja ya ji girgiza, masu ƙera motar sun sa waɗansu ƙananan fistin masu sifirin a kan hanyar man, waɗanda ke aikin matashi, wato rage bugu: sai man ya tura su tukuna kafin matsi ya cika a kan kuloci. A cikin wannan ɗan taƙin fayafayen suna gogar juna ba su kama ba, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Saboda haka taushin da direba ke jin daɗinsa a wurin canjin giya, kuloci ne ke biyan kuɗinsa, kuma a garin da zafin rana ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Man giya ya fi son ya yi aiki a wajen digiri 80, idan kuma ya haura 120 yakan lalace da sauri.

Na samu damar ganin aikin da idona a rana ta biyu. Abin da ya fara burge ni shi ne tsabta, domin lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe gari, amma maigidan yana da wani ɗan ɗaki mai ƙyaure inda yake shiga da gidan bawul, ba ya barin kowa ya buɗe ƙofar sai da dalili. Da aka sauke kaskon mai, ya nuna mini maganaɗisun da ke manne a gindinsa. Akwai laushin toka-toka a kansu kamar kwalli, amma babu ɓarɓashin ƙarfe, ya ce wannan cin shekaru ne kawai. Kusoshin gidan bawul ba tsayinsu ɗaya ba, don haka ya zana siffar allon a kan kwali, ya huda shi, yana soka kowace kusa a gurbinta. Da ya raba allon biyu, ya ɗauki hoto da waya kafin ya taɓa ƙananan ƙwallayen da ke zaune cikin ramukansu, waɗanda ba su wuce ƙwayar barkono ba, kuma ɓatan guda ɗaya ya isa ya hana giya shiga. Ya faɗaɗa waɗansu ramuka a jikin siririn farantin da ke tsakanin ɓangarorin biyu domin mai ya riƙa wucewa da sauri, ya goge bakinsu har suka yi sumul, sannan ya sa ƙananan zobba a fistin ɗin matashi don rage nisan tafiyarsu. A ƙarshe ya duba wayar da ta taso daga totur zuwa giya, wadda a wannan ƙirar ita ce ke ƙara matsin mai gwargwadon yadda aka taka. Ya same ta ta saki, ya mayar da alamarta daidai bakin roba, cikin milimita 1 da ƙa'ida ta tanada. Ya gargaɗe ni cewa waɗansu makanikai wannan wayar kaɗai suke ɗaurewa fiye da kima su ce sun gyara giya, alhali motar bugu kawai za ta riƙa yi.

Akwai wani abin da ban nema ba amma ya matsa mini a kansa, kuma yanzu ina ganin ya fi sauran aikin muhimmanci. A 4Runner ta waɗannan shekarun, man giya yana bi ta wani bututu a cikin gindin lagireto don ya huce, kuma sanannen abu ne cewa idan lagireton ya tsufa mahaɗar bututun takan ruɓe, ruwan injin ya gauraya da man giya ya zama wani kunu mai ruwan hoda, wanda ke ɓare fayafayen kuloci cikin ɗan lokaci. Lagiretona na asali ne, shekarunsa sun wuce 25. Ya ba da shawara a canza shi, a kuma ƙara wani ƙaramin mai sanyaya man giya a gaba inda iska ke bugawa. Na amince. Man da aka zuba Dexron III ne, a gabana aka fasa galan-galan ɗin, kuma tun da akwatin yana cin kusan lita 10 alhali abin da ke fita ta kasko bai kai rabi ba, sai ya yi bidanj, wato juyen mai, ta bututun lagireto, yana zuba sabo tsoho yana fita, har launin ya koma ja garau.

Sai dai aikin bai tafi ba tare da aibi ba, kuma ba zan ɓoye su ba. An yi mini alkawarin kwana uku, motar ta yi kwana tara, domin lagireton da aka ce yana hannu ashe sai an aiko da shi daga Dwala, kuma ba wanda ya kira ni ya gaya mini, ni ne na riƙa bin sawu. Ba a ba ni takardar da ta lissafa abin da aka canza ba sai da na nace, aka rubuta mini da hannu. Babban aibin kuwa shi ne gwajin farko ya yi tsanani. Tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu ne tazara ta fi yawa a wannan akwati, don haka nan ne ake fi jin kowane ƙari. Da na ɗauki motar, a cikin cunkoson babura kusa da babbar kasuwa, duk shigar giya ta biyu sai in ji dum a baya kamar an bangaje ni, har mahaifiyata da na ɗauka zuwa asibiti ta tambaye ni ko mun taka wani abu. Irin wannan bugu ba jin daɗin zama kaɗai yake ɓatawa ba, yana cin robobin da ke riƙe injin da mahaɗan sandar da ke kai juyi ga ƙafafun baya. Na koma washegari. Maigidan ya hau, muka zaga, bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji, na cika hannu a ta biyu. Bar ta zuwa gobe da la'asar." Ya sake sauke kaskon, ya rage kaurin zoben fistin ɗin, bai karɓi ko sisi a kan aikin ba, man da aka cika ne kawai na biya. Na yaba da hakan, amma da ya gwada motar a cikin gari kafin ya ba ni, ba a kan buɗaɗɗiyar hanya kaɗai ba, da ya gano abin da kansa.

Yanzu wata takwas ke nan, na hau dutsen nan na hanyar Ngaundere fiye da sau goma. Idan ina tafiya a hankali, canjin giya ana jinsa kaɗan, kamar an taɓa kafaɗar mutum, ba ya damun kowa. Idan na taka sosai don wuce tirela, giyar tana sauka ta kama nan take, ihun da injin ke yi a banza tsakanin giya da giya ya ɓace, kuma tsawon lokacin da nake yi a hannun masu zuwa ya ragu, wanda shi ne ainihin abin da ya kai ni garejin. A hawan dutse ina kashe giya ta huɗu da maɓallin O/D OFF kamar yadda ya umarce ni, don kada ta riƙa hawa da sauka, kuma ban ƙara jin ƙaurin mai ba. Ƙarfin injin kuwa yana nan yadda yake, doki 183 da aka ƙera shi da su, ko abin da shekaru suka bari daga cikinsu. Maigidan bai taɓa yi mini alkawarin ƙari ba, wanda kuma ya je neman gudu zai dawo da takaici. Shan fetur ban ga ya canza ba.

Duka-duka, da lagireto da mai da kuɗin hannu, na kashe sefa dubu 240, wanda kusan rabinsa kaya ne suka ci. Ina ganin kuɗin ya dace ga mai tsohuwar Toyota irin wannan da ke ɗaukar kaya, yana hawa tudu, yana kuma bin doguwar hanya cikin zafi, muddin kulocinsa na da lafiya. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga unguwar Yelwa zuwa kasuwa ba, sabon mai da daidaita wayar totur sun ishe shi. Sababbin motoci masu hawa shida ko takwas, waɗanda kwamfuta ke sarrafa matsin mansu baki ɗaya, da masu giyar bel da ake kira CVT, maigidan ya faɗa mini ba ya yi musu wannan aikin, domin ba shi da na'urar da ake sauya tsarin kwamfutarsu da ita. Ya ce in dawo bayan kilomita 20,000 ya sauke kasko ya sake duba maganaɗisun, kuma saura mini kusan kilomita 6,000 in cika.