Tunkuzar da muke rainawa, a nan cikin kwalba ake sayar da ita

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Umma? Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi har tana taka ta zuwa maƙwabta. Mu ma nan Birmingham lafiya lau, sai sanyi da ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu.

Kin tambaye ni wane abu ne na turo miki hotonsa, baƙi dunƙule-dunƙule kamar dakuwa, hayaniyar yara ba ta bar mu mun yi maganar a waya ba. Ga labarin daga tushe, don akwai abin da nake so ki gwada.

Kin san aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Wajen ƙarfe uku yunwa take kama mutum, ga barci ga gajiya, kuma abin da ke kusa shi ne injin nan da ake jefa masa kuɗi ya sako biskit ko cakulan. Haka na yi ta yi wata da watanni, har ranar da aka auna jinina likita ta ce sukarina ya kai bakin iyaka. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na tuna wahalar da Baba ya sha da wannan ciwo, Allah ya jiƙansa. Ta ce in rage zaƙi, in ƙara abinci mai gina jiki, wato furotin, don shi ke riƙe ciki. A ma'aunin hukumar lafiyarsu, mace mai nauyin kilo 60 tana buƙatar kamar giram 45 a rana.

Abokan aikina suka nuna mini abin da su ke ci: wata 'yar sandar cakulan mai nauyin giram 60, an rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe cewa akwai furotin giram 20. Guda ɗaya fam biyu da rabi na saya. Ki buga a naira ki gani, sannan ki ninka sau huɗu, don dare huɗu nake yi a mako. Yanzu a nan duk kantin da kika shiga kalmar furotin ce ke miki maraba, a jikin yogot, a jikin burodi, har a jikin ruwan sha na roba. Da an manna kalmar sai kuɗin kaya ya hau.

Gaskiya ɗaya ce, akwai abin da na yaba musu. Ba a rubuta wa abinci suna yadda aka ga dama. Kafin kamfani ya ce kayansa na da furotin mai yawa, doka ta ce sai kashi 20 cikin 100 na kuzarin da abincin ke bayarwa ya fito daga furotin ɗin. Duk abin da aka zuba a ciki kuma sai an jera shi a bayan leda, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Mu a kasuwar Rimi ido da harshe ne ma'auninmu, ki ɗanɗana, ki shinshina, ki yarda da mai kaya. A nan ba mai ba ki ɗanɗano, amma takarda ba ta ɓoye miki komai in kin tsaya kin karanta.

Karatun nan ne ya raba ni da sandunan. Wata rana a ɗakin hutu na juya ledar ina dubawa, sai na ga an sa jelatin, wanda daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, ba a faɗi wace dabba ba, ba kuma tambarin halal. Na ajiye ragowar, raina ya ɓaci, don na riga na ci da yawa ban sani ba. Wasu kuma maimakon sukari suna sa wani abin zaƙi mai suna maltitol, su da kansu sun rubuta cewa in an ci da yawa yana sa gudawa. Sau da yawa furotin ɗin nasu daga ruwan da ke tsiyaya ne in an yi cuku, su busar da shi ya zama gari, su ƙara masa ƙamshi.

Sai na ce bari in haɗa nawa a gida. Ina cikin neman kayan haɗi a wani kantin kayan lafiya na ci karo da wata kwalba, a jikinta an rubuta garin gyaɗa wanda aka matse mafi yawan mansa. Na saya kusan fam biyar, abin da bai cika gwangwanin madara biyu ba. Da na zo gida na buɗe, ƙamshin ya doki hancina, wallahi Yaya sai da idona ya kawo ruwa. Tsakar gidanmu na gani, Umma zaune bakin turmi tana juya markaɗen gyaɗa da muciya, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso, mu kuma muna tsugune muna jiran a matse a ba mu tunkuza mu mulmula ƙuli. Tunkuza ce, ba wani abu ba, an dai busar da ita an niƙe ta lukui. Gyaɗa ɗanya tana da furotin kamar giram 25 a cikin 100, in aka cire man sai ya kusa kai 50, rabin nauyinta ke nan. Ashe ƙuli-ƙulin da muke gwagwiya a hanyar islamiyya, wanda ake wa kallon abincin talaka, ya fi sandar fam biyu da rabi gina jiki in aka auna su nauyi ɗaya. Garin da ya tara dalar gyaɗa har duniya ta san shi da ita, yau 'yarsa ce ke sayen tunkuza a kwalba a ƙasar Turawa. Wannan ya tsaya mini a rai.

Haka labarin koko, ina nufin na cakulan, ba na kamu da muke sha da ƙosai ba. A kudancin garin nan akwai unguwar Bournville, inda kamfanin Cadbury ya kafa masana'antarsa a 1879, daga sunanta ne ma aka samo Bournvita da muke sha tun muna yara. Na kai yara yawo can lokacin hutu. Unguwa ce mai tsabta, gidaje da filaye da yawa masu kamfanin ne suka gina su, don ma'aikatansu da sauran jama'a. Amma ko bishiyar koko ɗaya ba ta fitowa a Ingila. Fiye da rabin kokon duniya daga Kodebuwa da Ghana yake zuwa, ga namu na Ondo da Kuros Riba. A 2024 da amfanin gona ya lalace a ƙasashen biyu saboda cutar bishiya da rikicewar damina, tan ɗaya ya haura dala dubu 10, kuma mun ji a jikinmu: cakulan ya ƙara kuɗi, girmansa ya ragu. Duk da haka gwangwanin garin koko zalla, marar sukari, ya fi sauƙin samu a nan fiye da Kano, inda sai kin shiga manyan kantuna ko wajen masu kayan kek. Shi ma ba baya ba ne, yana da furotin kamar giram 20 a cikin 100.

Ga yadda nake haɗawa. Nakan jiƙa dabino giram 150 a ruwan zafi na minti goma, in cire ƙwallon, in markaɗa ya zama kamar kunu mai kauri. In zuba garin tunkuza giram 100, markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai manta giram 100, madarar gari giram 50, garin koko cokali huɗu, da ɗan gishiri a bakin yatsa. In cuɗa da hannu. Da farko zai yi kamar ba zai haɗu ba, yana warwatsewa kamar dambu, kada ki yi saurin ƙara ruwa. Ki ci gaba da murzawa, zafin hannu zai sa man gyaɗar ya saki, sai ki ji ya fara kama jikinsa yana sheƙi. In ya ƙi, cokali ɗaya na ruwan da kika jiƙa dabinon ya isa. Nakan raba shi gida 12, in mulmula, in birkiɗa a soyayyen riɗi. Da na lissafa, kowane dunƙule yana da furotin kamar giram 8. Biyu da shayi ba sukari suna kai ni asuba ban waiwayi injin nan ba. Dabino ma zaƙi ne, shi ya sa ba na wuce biyun. Ranar da na ƙara garin citta da kanumfari sai ya koma dakuwa sak, yara suka ce wannan ya fi.

Wani lokaci nakan narka baƙin cakulan in tsoma su ciki su yi ɓawo. Wannan kam ban ba ki shawara ba. Man koko yana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, Kano kuwa a watan Afrilu sai ta haura 40, ga wuta ba tabbas. A nan firji ba ya mutuwa dare da rana, ko da yake kuɗin wutar na cin albashi ba kaɗan ba. Ke ki tsaya a garin koko, ki rage dabino, ki yi shi da ɗan tauri, zai kwana biyu uku a rufaffen mazubi.

Wajen kayan haɗi kuwa kun fi mu nesa ba kusa ba. Gyaɗar kantunan nan manya-manya ce, kyakkyawa a ido, amma ba ta da ƙamshin tamu ko kaɗan. Dabino nakan samu mai kyau a shagunan Larabawa da 'yan Somaliya da ke titin Coventry, na Tunisiya da na Saudiyya, sai dai har yau bakina na neman busasshen dabinon Agadas. Aya kuwa 'yar ƙaramar leda ake sayarwa da tsada, an rubuta mata kirari iri-iri. Injin markaɗe na unguwa babu shi, kowa da ɗan nasa a kicin, nawa sai na riƙa hutar da shi don kada ya ƙone.

Abu biyu game da gyaɗa suka sa na ƙara kula. Na farko, a nan akwai mutane da yawa da jikinsu ba ya karɓarta, wani ko ɗan ɓurɓushi ya ci sai maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya tsaya. Makarantar su autana ta hana shiga da duk abin da ke da gyaɗa, don haka a gida kawai suke ci. Ni ma a wajen aiki sai na rubuta a jikin robata, in wanke hannu sosai kafin in taɓa tsofaffin. Na biyu ya fi shafarmu. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba mai suna aflatoksin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A ƙasar nan aka fara gano ta, bayan talo-talo kusan dubu 100 sun mutu a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗar Brazil. Tun daga nan suke tsananta binciken gyaɗar da ke shigo musu. Don Allah Yaya, ki riƙa zama ki tsince duk wadda ta yamutse, ko ta canza launi, ko take ɗaci, kada ki ji asararta. Buhun ma a ɗora shi kan katako, nesa da danshi.

Tunda dama kina matsar mai duk mako, ki ware tunkuza kwano ɗaya kafin ki sa mata gishiri da barkono. Ki baza ta a faranti, ki gasa a wuta kaɗan har ta bushe, ki daka, ki tankaɗe. Ki fara gwadawa da yaran gida da 'yan makarantar da ke sayen ƙuli a wajenki. In ya karɓu har kina son sa shi a leda ki kai kanti, sai a bi ta NAFDAC a yi rajista, ni zan ɗauki nauyin kuɗin. Na saya miki ƙaramin sikelin kicin da gwangwani biyu na garin koko, zan ba mai zuwa gida ƙarshen wata. In zai dawo ki aiko mini da garin tunkuzar da busasshen dabino, amma kada ki sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za su karɓe.

Ki gaida Umma, ki ce mata ta ɗanɗana ta faɗa mini ko gishirin ya yi.

Ƙanwarki.