Debian 12: GNOME ko Xfce a kan tsohuwar kwamfuta?

Wajen saka Debian 12, wani nau'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, akwai wani shafi da yawancin mutane ke wucewa ba tare da sun karanta ba, shafin zaɓen fuskar da kwamfutar za ta riƙa buɗewa da ita. An riga an sa wa GNOME maki, sauran kuma, irin su Xfce, KDE Plasma, Cinnamon da MATE, suna jere a ƙasa. Wanda ya danna "ci gaba" kawai, GNOME ya samu.

Na gwada GNOME 43 ɗin a laftof ɗina, ta hannu ce, RAM ɗinta giga 4. Gaskiya ta yi kyau. Ka danna maɓallin Windows, ka rubuta haruffa biyu na sunan manhaja, sai ga ta. Haɗa Wi-Fi da Bluetooth ma ba wahala. Amma tagoginta ba su da maɓallin ajiye taga a ƙasa, kuma babu jerin manhajojin da ke buɗe a gindin allo. Ƙanwata da ta saba da Windows ta zauna tana ta yawo da kibiya a saman taga tana neman ɗan layin nan, har ta gaji ta ce, "Yaya, wai ina suka kai shi?" Kuma da na buɗe Firefox da shafuka da dama, sai fankar ta fara huci.

Xfce 4.18 kuwa ba ta da kwalliya, kamar ɗakin gwauro. Amma tana buɗewa da sauri, menu na nan a kusurwa, kwamfutar ta samu sarari.

To me ya sa Debian ba ta mai da Xfce zaɓin farko ba? Ai ta taɓa gwadawa. A 2013 an juya zuwa Xfce, a 2014 aka koma GNOME kafin fitowar Debian 8. Cikin dalilan akwai tallafin masu buƙata ta musamman, kamar makafi masu amfani da Orca mai karanta allo, da kuma dacewa da systemd, manhajar da ke tayar da sauran ayyukan kwamfuta idan an kunna ta. Wannan hujja ta gamsar da ni. Zaɓin farko na wanda ba zai iya sauyawa da kansa ba ne, ni kuwa ina iyawa.

Mai sabuwar kwamfuta ya bar GNOME. Mai irin tawa ya zaɓi Xfce, amma ya cire makin GNOME tukuna, in ba haka ba duka biyun za su sauka, datarsa ce za ta sha wuya.