Kashin kaji, takin zamani ko takin shara: wanne mai lambu a Kumasi zai saya?

Duk wanda ya taɓa bi ta Gyinyase, kusa da jami'ar KNUST, da sanyin safiya, ya ga irin wurin da salak ɗin da ake zuba mana a kan wake da shinkafa a Aboabo yake fitowa. Latas ne da kabeji da albasa mai lawashi, fangali na bin fangali, ana cire wannan ana dasa wancan. Ƙasar da ba a barinta ta huta dole a ciyar da ita, kuma a nan kuɗin mai lambu yake tafiya.

Takin zamani shi ya fi shiga ido, don ba ya ɓata lokaci. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Buhun NPK 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi ne na kowane ɗaya daga cikin sinadaransa uku, wato naitirojin da fosforas da fotasiyam. Ka zuba yau, ka ga canji cikin mako. Sai dai kusan dukkansa daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma bin dala yake yi. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya haɗu da faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, mun ga yadda buhu ya fi ƙarfin mai ƙaramin lambu. Rangwamen rabin kuɗi da shirin gwamnati na noma ya zo da shi a 2017 ma bai dawwama ba. Ga shi kuma shuka yake ciyarwa, ba ya ƙara wa ƙasa jiki. Wanda ya lizimci takin zamani na amoniya shekara da shekaru, ƙasarsa tsami za ta yi. In za ka saya, je wa dillali mai rajista, domin dokar tsirrai da taki ta 2010 ta wajabta rajistar taki da masu sayar da shi. Buhun da aka farke aka sake ɗinkewa, ko wanda ya dunƙule kamar dutse, bar musu abinsu.

Kashin kaji shi ne arzikin Kumasi, don gidajen kaji sun kewaye garin. Amma a yi lissafi da kyau. Naitirojin ɗin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ba, wato sai ka tara buhu mai kilo 50 goma sha biyar zuwa ashirin da uku kafin ka kamo buhun yuriya guda, kuma ba duka yake saki a shukar farko ba. Saboda haka arhar buhu ba ita ce magana ba, kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da na masu lodi su ne rabin cinikin. Abin da yake bayarwa wanda yuriya ba ta da shi: ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa. Mai ɗaukar garwa biyu daga rafi tun asuba ya san darajar wannan fiye da kowa.

Ni dai na taɓa ƙonewa. Na sayi lodi daga wani gidan kaji, ranar da aka share ɗaki aka ɗura mini, na watsa, na dasa latas bayan kwana biyu. Kafin mako ganyen ya yi ja kamar an bi shi da wuta. Wani dattijo da ke fangalin gefe ya zo ya cusa hannu cikin ragowar tarin, ya zaro da sauri.

"Yaro, wannan ai bai nuna ba. Ko tuwo aka sauke sai a bari ya huce."

"To Baba, yaya zan gane nunanne?"

Ya damƙo nasa ya kai mini hanci. Baƙi ne, yana wargajewa a hannu, babu zafi, ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa yake yi. Nawa kuwa warinsa har hawaye yake sawa.

Batun ya wuce ƙona shuka. Latas ɗanye ake cinsa, wata guda da 'yan kwanaki bayan dashe an cire, ɗanyen kashi kuwa yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa. Zafin da tari yake ɗauka in ana juya shi, digiri 55 zuwa sama, shi ke kashe su. Masu cin salak ɗin nan 'ya'yanmu ne. Sannan ka duba yawan garin katakon da aka shimfiɗa wa kajin: in ya rinjayi kashin, katako ka saya, kuma yayin da yake ruɓewa yakan janye naitirojin daga bakin shuka.

Kashin shanu, na garke ko na wajen mayankar Kaase, ya fi sanyi, ƙarfinsa bai kai na kaji ba, kuma yakan zo da irin ciyawa. In kyauta ne ko kusa, ɗauka.

Sai takin shara, irin wanda masana'antar KCARP ke sarrafawa a Adagya daga sharar gari. Ya riga ya nuna, babu jira, babu wari, amma a hankali yake aiki, shi kaɗai ba zai tura latas cikin wata guda ba. Kowane irin takin shara aka kawo maka, ko daga ina ya fito, baza kaɗan a tafin hannu ka duba ko akwai leda ko fasasshen gilashi. Kafin ka zuba kuɗi a kansa ma, tambayi kanka filin na waye. Yawancin lambunan cikin gari aro ne, gobe ana iya sauke bulo a kai. Wanda ba shi da tabbacin shekara biyu a wuri, ba zan ce ya gina ƙasar da wani zai ɗora gida ba.

Da kuɗina ne, nunannen kashin kaji zan sa ya zama tushe, in ajiye ɗan takin zamani don kabejin da ya nuna yunwa a tsakiyar tafiya. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki lodi guda da rani, lokacin da kashin ya bushe bai yi nauyi ba. A tara shi nesa da bakin rafi, a rufe da tamfol kada ruwan sama ya wanke shi, a riƙa juyawa duk mako har sai tarin ya daina ɗaukar zafi.