WHOIS ko RDAP: wanne za ka yi amfani da shi wajen binciken rajista?

Masu koyon aikin intanet a nan Kaduna sun sha tambayata: in mutum yana son sanin inda aka yi rajistar sunan shafi ko lambar IP (adireshin na'ura a intanet) daga baƙin allon kwamfuta da ake rubuta umarni a kai, whois zai buga ko RDAP? Dukansu hanyoyi ne na tambayar ma'aikatun rajista, WHOIS tsohuwa, RDAP sabuwa.

Kuɗi dai babu, duk kyauta ne. Wajen sauƙi whois ya yi gaba, ka rubuta whois da sunan, shi ke nan. Lambar IP ta Najeriya za ka same ta a AFRINIC, mai rajistar lambobin IP na Afirka, sunan .ng kuwa ƙungiyar rajistar intanet ta Najeriya, NiRA, ce ke riƙe da shi. Matsalar whois, kowace ma'aikatar rajista da yadda take jera amsarta, kuma saƙon yana bi ta ƙofar sadarwa (port) ta 43 a buɗe, ba sirri.

RDAP ta HTTPS yake bi, wato hanyar yanar gizo mai sirri, ya dawo da JSON, tsarin rubutun bayanai da manhaja ke iya karantawa. Sai ka haɗa da curl mai ɗauko amsar da jq mai tsara ta, don in babu jq karanta shi sai a hankali. Amma tsarinsa ɗaya ne ko'ina, abin da ya fi burge ni ke nan. Tun Janairun 2025 ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta sauke wa yawancin sunaye na gama-gari (irin su .org) wajabcin WHOIS, RDAP ya zama madogara, ko da yake ba duk sunayen ƙasashe ke da shi ba.

Kada ka sa ran ganin lambar wayar mai shafi a ɗayansu, tun 2018 dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, GDPR, ta sa yawanci ana ɓoyewa.

Mai leƙe sau ɗaya ya wuce, whois ya ishe shi. Mai rubuta manhajar da za ta riƙa duba ranar ƙarewar rajista kullum, ya kama RDAP.