Ruwan ƙara okten: kwalba uku na zuba wa Fijota, ga abin da na gani

Peugeot 504 ce da ni, haɗin Kaduna, gadon mahaifina. Bara da damina ta tafasa min a hanya, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraye da baƙin mai, dole aka sauke inji. An sa sababbin fistin da ring da silinda, shi kuma top, wato murfin saman inji, da zafi ya karkatar aka kai shi wurin masu injin share ƙarfe suka daidaita fuskarsa. Da aka haɗa, mota ta tashi sumul. Haka na yi ta morarta har sanyi ya wuce.

Zafin Maris na shigowa ta fara wata 'yar ƙara. Ba irin bugun nan na injin da ya mutu ba ne, wata siririyar ƙara ce, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Ba ta yi sai ta ɗauki zafi na taka totur a babbar giya. Ranar da abin ya tayar min da hankali na taso ne daga Lafiya zan shiga Jos da iyali da kaya cike da but. Muna fara Hawan Kibo ta dinga kaɗa tsakuwar nan har uwargida ta tambaye ni ko wani abu ne ya kwance. Abin mamaki, da muka hau tudu muka kwana biyu a Jos, ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Da na dawo na bi ta shagon kayan mota, yaron shagon ya ɗauko min wata kwalba mai kyalli. "Alhaji, man ƙasar nan ne ba shi da ƙarfi. Wannan na Amurka ne, ka zuba ka cika tanki, za ka zo ka yi min godiya." A jikinta an rubuta cewa tana ɗaga okten, wato lambar juriyar fetur ga matsi da zafi, da maki bakwai. Na lissafa a raina: fetur ɗinmu yana wajen 91, a ƙara bakwai ya zama 98, ai magana ta ƙare. Na biya kuɗin da zai saya min lita mai yawa na fetur, na tafi.

Ba zan zalunci kwalbar ba, ta yi wani abu. A cikin gari, da safe ko da yamma, ƙarar ta ragu sosai, wani lokacin har na manta da ita. Amma da rana tsaka, ko a hawa da kaya, tana nan daram. Gudu bai ƙaru ba, shan mai bai ragu ba, duk da an yi alkawarin duka biyun a jikin kwalbar. Na sayi ta biyu, na ce ko ta farko wanke hanya ta yi. Ana cikin ta uku mota ta fara shiƙa da safe. Na kwance fulogi, na ga bakinsu ya yi ja-ja kamar an barbaɗa garin jan bulo. Daga baya na gane alamar sinadarin manganis ce, wanda ake kira MMT, da wasu irin waɗannan kwalabe ke ɗauke da shi.

A nan ne na haƙura na kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Fijo. Ya karanta kwalbar, ya yi dariya. "Ɗana, makin nan da ka gani, goma ne ke yin lamba ɗaya. Bakwai ɗin nan ko ɗaya bai cika ba." Wato daga 91 zuwa 91.7, in ma ta cika alkawari. Kuɗina dai sun tafi a kan abin da bai kai lamba guda ba.

Sai ya tambaye ni sau nawa aka taɓa share top ɗin. Ni sau ɗaya na sani. Ya ce shi idonsa ya ga fiye da haka, don tun zamanin mahaifina an taɓa shi. Ya cire shi, ya kifa, ya ɗora ɗan gilashi mai huda, ya ɗauko sirinji irin na asibiti yana ɗura mai a ramin konewa yana ƙirgawa. Ban taɓa ganin bakanike ya yi haka ba, kuma wannan awon na rabin sa'a ya fi min kwalabe ukun amfani.

Lissafin ba wuya. Injin 504 mai lita biyu cc 1971 ne, kowace silinda tana jan kusan 493. Matsin da aka ƙera irin nawa da shi 8.8 ne, ma'ana in fistin ya kai ƙarshen sama, wurin da ya rage wa iska da mai kusan cc 63 ne. Da Baba bakanike ya haɗa ramin top da kaurin gaskit da sauran, 56 ya samu. A haɗa 493 da 56 a raba da 56, ya ba da 9.8. Faɗin silindar milimita 88 ne, don haka duk milimita ɗaya da aka share yana iya cinye kusan cc shida. Ƙarfen da bai kai kaurin kwabo ba ya mayar min da inji mai neman man da ba a sayarwa a unguwarmu.

Shi okten ba ƙarfi ba ne, saɓanin abin da yaron shago ya ce. Juriya ce: iya matsi da zafin da fetur zai ɗauka bai fashe da kansa ba. In matsi ya fi ƙarfinsa, bayan fulogi ya kunna wuta sai ragowar man da ke gefe ya tashi gaba ɗaya kafin wutar ta iso shi, ya daki kan fistin. Tsakuwar da nake ji ke nan, kuma in aka bar ta tana cin kan fistin, ta karya ring. Zafi yana ƙara ta. Iskar tudu kuwa ba ta da nauyi, Jos ta haura mita 1,200, silinda ba ta cika kamar a Lafiya, shi ya sa ta yi shiru a can. Motocin yanzu suna da na'urar da ke jin wannan ƙarar ta ja taimin, wato lokacin kunna wutar fulogi, baya da kanta. Tawa kafireto ce da dilko, ba mai ji sai ni.

A Turai mai irin wannan matsala sai ya matsa famfo na gaba ya sha 95 ko 98. Mu a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, kowa shi yake sha. (Masu motocin Amurka su lura: 87 da ke rubuce a littafinsu wani ma'auni ne daban, kusan daidai yake da 91 namu, kada wani ya tsorata su da kwalba.) Tunda ba zan iya canza mai ba, inji aka canza. Baba ya fara ja da taimin baya kaɗan. Ƙarar ta tafi, amma mota ta yi sanyin jiki, allurar zafi kuma ta fara hawa. Bai yarda da wannan ba. Ya nemo gaskit mai kauri, guda ɗaya, don ya ce ɗora biyu da wasu ke yi neman wata tafasar ce. Ya ƙara kusan cc biyar, matsi ya sauko wajen 9.1, ya mayar da taimin kusa da inda yake, ya wanke lagireto, ya sa sababbin fulogi.

Wa zan ce ya sayi ruwan nan? Wanda ƙararsa 'yar kaɗan ce, ko wanda tafiya ta tilasta masa shan man bumburutu da bai yarda da shi ba, kwalba ɗaya za ta iya rage masa har ya isa gida. Wanda aka share masa top kuwa, ya kai kuɗin wurin mai sirinji.

Makon jiya na sake bin Hawan Kibo da azahar, mutum biyar da buhun doya biyu, a giya ta uku. Na kashe rediyo ina kasa kunne har muka kai sama, ban ji komai ba sai numfashin kafireto. Rabin kwalba ta uku tana nan a but; ƙanena ya ce in ba shi ya zuba a janareto, na hana.